Kafin Gidan Yari, Akwai Zaure



Kakana fatauci ne ya kawo shi garin nan daga Kano. Tun da Sarkin Fika ya dawo da fadarsa Potiskum a 1924 gari ya yi ta bunƙasa, Hausawa suka riƙa zuwa cinikin shanu da hatsi, suka zauna cikin Ngizim da Karekare da Bolewa. Baƙo kuwa ba ya son sunan gidansa ya je gaban alƙali. Babana ya ce a da, idan yaron kasuwa ya ɗauki abin wani, zauren mai unguwa ake kai shi, ko wurin fatoman da ya sauki ubangidansa. A kira mai kaya, a kira iyaye, wani dattijo ya tsaya wa yaron, shi kuma ya yi aiki har ya biya.

Gidan yari yana nan a lokacin, a hannun En'e, sai a 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe shi. Dokar 1962 ta tanadi gidajen gyaran hali na matasa, amma waɗanda aka daɗe da sani suna Kaduna da Ilorin da Abeokuta. Ina Yobe, ina Abeokuta? Shi ya sa yaro kan tsinci kansa cikin manyan masu laifi. Kuma fiye da rabin waɗanda ke tsare a Nijeriya jiran shari'a kawai suke yi.

Na ga wannan da idona. Wani abokina da muka yi sakandare tare ya ɗauke wayar hannu a kasuwa. Wata bakwai ya yi a tsare kafin a sallame shi. Ya fito jarrabawa ta wuce shi, ba mai ba shi jiran shago, abokansa duk sababbi ne. Kuɗin wayar bai kai na buhun gero ba.

A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta gyaran hali. Dokar ta amince da hukuncin da ba na kulle ba, kamar yi wa al'umma aiki, da sa ido kan mai laifi yana gidansu, da sulhu tsakaninsa da wanda ya cuta. Wato abin da kakanninmu suke yi a zaure.

Zauren ma yana da nasa aibin. Ɗan mai kuɗi kan sha da sauƙi, almajiri marar gata kuma ya sha bulala. Babban laifi kuma na kotu ne. Amma a ƙaramin laifi, kotu ta fi saurin ba da belin yaron da wani ya tsaya masa. Ina roƙon iyayenmu na kasuwar hatsi da ta shanu su fitar da dattawan da za su riƙa tsayawa, har ga yaron da ba nasu ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.