Yadda Ingila ke tallafa wa masu buƙata ta musamman su shiga cikin jama'a

A dokar Ingila, fita daga gida buƙata ce kamar cin abinci da wanka. Idan baligi mai lalurar naƙasa ya kasa zuwa kasuwa, ko makaranta, ko wurin aiki, ko ziyarar 'yan uwa saboda rashin mai taimaka masa, ƙaramar hukumar da yake zaune a yankinta ba ta da ikon cewa babu ruwanta. Wannan tanadi yana cikin Dokar Kulawa ta 2014, wadda aka fi sani da Care Act, da ta fara aiki a watan Afrilun 2015. Sai dai tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke isa hannun mutane akwai rata, kuma yawanci wanda ya san ƙa'idojin tsarin ne ke cin moriyarsa.

Bayanin da ke tafe ya shafi Ingila ne kaɗai. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce na da nata dokokin, ko da yake suna kama da juna ta fuskoki da dama.

Daga gidajen kulawa zuwa gidan kai

Har zuwa shekarun 1970, wanda naƙasarsa ta yi tsanani a Birtaniya zaɓi biyu gare shi: ya zauna a hannun iyayensa har ƙarfinsu ya ƙare, ko a kai shi gidan kulawa inda ma'aikata ke tsara masa lokacin tashi da na barci. Tunanin sauya wannan ya samo asali ne daga Amurka. Ed Roberts, wanda cutar shan inna ta shanye masa jiki tun yana ɗan shekara 14, ya shiga Jami'ar California da ke Berkeley a 1962, yana kwana cikin na'urar taimaka wa numfashi a asibitin jami'ar. Shi da abokan gwagwarmayarsa ne suka dasa harsashin cibiyar rayuwar dogaro da kai ta farko, wadda aka buɗe a Berkeley a 1972. Ma'anar dogaro da kai a wurinsu ba wai mutum ya iya yi wa kansa komai ba ne. Abin nufi shi ne ya kasance shi ke yanke shawarar wanda zai taimaka masa, da lokacin, da kuma yadda za a yi.

A Ingila, wasu mazauna gidan kulawa na Le Court da ke Hampshire sun ɗauki wannan tunani, suka kafa wani shiri da suka kira Project 81, saboda 1981 ce shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa naƙasassu. Hujjarsu mai sauƙi ce: kuɗin da hukuma ke biyan gidan domin a riƙe su, a ba su su kama gida, su ɗauki masu taimaka musu da kansu. Matsalar ita ce wata dokar 1948 ta haramta wa ƙananan hukumomi miƙa tsabar kuɗi ga mutum kai tsaye, don haka sai aka riƙa bi ta hannun wata ƙungiya. Sai a 1996 majalisar dokoki ta halatta biyan kuɗin kai tsaye, aka fara aiwatarwa a Afrilun 1997.

Birtaniya ta kuma amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'Yancin Naƙasassu a 2009, wadda sashe na 19 nata ya tanadi 'yancin zama cikin al'umma kamar kowa.

Wa ya cancanta?

Matakin farko shi ne neman a yi wa mutum gwajin buƙatu a sashen kula da manya na ƙaramar hukumarsa. Kyauta ne, kuma dole hukuma ta yi shi ga duk wanda alamu suka nuna yana iya buƙatar kulawa, komai yawan dukiyarsa. Shi kansa zai iya nema, ko danginsa, ko likitansa. Idan yana da wahalar fahimta ko bayyana ra'ayinsa, kuma babu wani na kusa da ya dace ya tsaya masa, wajibi ne hukuma ta samo masa mai magana da yawunsa mai zaman kansa.

Ma'aikacin jin daɗin jama'a zai auna rayuwar mutumin da abubuwa goma da ƙa'ida ta zayyana. Wasunsu na cikin ɗaki ne: abinci, tsaftar jiki, zuwa bayan gida, sa tufafi, zama a gida ba tare da haɗari ba, da gyaran muhalli. Sauran huɗun su ne suka fi dacewa da batun shiga jama'a: riƙe zumunci da dangi da abokai, samun aiki ko karatu ko aikin sa kai, amfani da abubuwan da ke unguwa kamar motocin haya da wuraren shaƙatawa, sai kuma kula da 'ya'ya ga mai su. Wanda lalurarsa ta hana shi cim ma biyu ko fiye daga cikin goman, har hakan ya yi wa walwalarsa illa sosai, ya cancanci tallafi.

A nan ne mutane da yawa ke cutar kansu. Mutumin da aka raina da ɗabi'ar haƙuri, idan baƙo ya tambaye shi yaya jiki, "da sauƙi" zai ce, ko da bai taka ƙofar gida ba tun watan jiya. Amsa ce mai kyau a zaure, amma mai gwaji abin da ya ji shi zai rubuta. Alhali ƙa'idar ta ɗauki mutum a matsayin wanda ya kasa yin abu idan sai da taimako yake iya yinsa, ko yana sha da zafi, ko yana jefa kansa cikin haɗari, ko yana ɗaukar lokacin da ya wuce kima. Haka nan, a lokacin tantance cancanta ba a la'akari da hidimar da dangi ke yi, sai an zo tsara tallafin tukuna. Mai ɗawainiyar ma, uwa ce ko miji ko ƙanwa, yana da 'yancin a yi masa nasa gwajin daban.

Kuɗin a hannun mai shi

Bayan gwaji sai a rubuta tsarin kulawa, a kuma ƙayyade kuɗin da zai ci. Mutum na iya barin hukuma ta shirya masa komai, ta turo ma'aikata daga kamfanin da ta ɗauka, ko ta sama masa gurbi a cibiyar yini. Yana kuma iya cewa a zuba masa kuɗin a asusu na musamman ko a kati, ya ɗauki mataimaki da kansa.

Wannan zaɓi na biyu shi ne ya fi sauya rayuwa. Mai kuɗin ne ke zaɓar wanda zai taɓa jikinsa. Mace na iya cewa mace take so. Bahaushen da ke Manchester ko Landan na iya neman wanda ke jin harshensa, ya san abincinsa, ya kuma yarda ya tura masa keken guragu zuwa masallacin Juma'a ko coci, ko wurin suna da ɗaurin aure, muddin hakan na cikin abin da aka amince a tsarin. Amma fa ya zama mai ɗaukar ma'aikaci a idon doka, da duk nauyin da ke tattare da hakan: albashin da bai gaza mafi ƙanƙanta ba, haraji, hutun shekara, inshora, da adana rasit domin bincike. Akwai ƙungiyoyin da naƙasassu ke gudanarwa da kansu waɗanda ke taimakawa da wannan lissafi. Kuma a bisa ƙa'ida ba a biyan miji ko mata ko ɗan uwa na jini da ke zaune gida ɗaya da kuɗin, sai idan hukuma ta gamsu cewa hakan ya zama dole.

Akwai kuma tsarin Shared Lives, inda wani iyali da aka tantance ke karɓar baligi mai buƙata ya zauna tare da su, ko ya riƙa wuni a wurinsu, ana biyan su. Ga wanda ya tashi a gidan yawa, wannan ba baƙon abu ba ne, bambancin kawai shi ne hukuma na sa ido.

Sauran tallafin ba daga ƙaramar hukuma kaɗai yake fitowa ba. Shirin Access to Work na gwamnatin tsakiya na biyan kuɗin tafinta na maganar kurame, ko tasi zuwa wurin aiki, ko na'urori. Katin bas na naƙasassu na ba da damar hawa kyauta a faɗin Ingila daga ƙarfe 9:30 na safe zuwa 11 na dare a ranakun aiki, da kowane lokaci a ƙarshen mako. Alamar Blue Badge ta ajiye mota kusa da inda za a shiga ta haɗa da masu lalurar da ba a gani da ido tun 2019.

Ba kyauta ba ne kamar asibiti

Baƙi da dama na zaton kulawar jin daɗin jama'a kyauta ce kamar ta hukumar lafiya ta NHS. Ba haka ba ne. Wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin kulawarsa gaba ɗaya. Idan ba ta kai fam 14,250 ba, ba za a taɓa ajiyar ba, amma ana iya karɓar wani kaso daga kuɗin alawus ɗinsa. Waɗannan alkaluma ba su sauya ba tun 2010, duk da tsadar rayuwa. Ba a lissafa darajar gidan da mutum ke ciki idan a gida ake kula da shi, kuma ba a lissafa albashin da ya samu da guminsa.

Ga masu bizar da aka rubuta musu cewa ba su da damar cin kuɗin gwamnati, akwai wani bambanci mai muhimmanci. Alawus ɗin naƙasa na PIP yana cikin abubuwan da aka haramta musu, amma kulawar ƙaramar hukuma ba ta cikin jerin. Ana iya ba su idan buƙatar ta taso daga lalurar ce, ba daga talauci kaɗai ba. Batun na da sarƙaƙiya ga wasu rukunin baƙi, don haka shawarar lauyan shige da fice na da amfani kafin a nema.

Inda gizo ke saƙar

Ƙananan hukumomi sun shafe shekaru tun 2010 suna fama da ƙarancin kuɗi, kuma idan aka zo rage kashewa, ba wanka ko abinci ake fara taɓawa ba. Sa'o'in fita waje ne ke fara tafiya. A watan Yunin 2015 gwamnati ta rufe Asusun Rayuwar Dogaro da Kai a Ingila, wanda tun 1988 ke ƙara wa masu tsananin naƙasa kuɗi, ta mayar da nauyin kan ƙananan hukumomi. Scotland ta ci gaba da nata. Bayan rufewar ne hukumar Oxfordshire ta rage wa wani mutum mai shanyewar gaɓoɓi kuɗin mako daga fam 1,651 zuwa 950. Ya kai ƙara yana cewa ragin zai bar shi cikin kaɗaici, ya kuma raba shi da mataimakan da ya daɗe da su. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hukumar ba ta saɓa doka ba. Kafin nan, a 2016, wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya zargi Birtaniya da take haƙƙin naƙasassu ta hanyar tsuke bakin aljihu, zargin da gwamnati ta musanta.

Kuɗi ma ba ya aiki sai da ma'aikata. Albashin aikin kulawa bai fi mafi ƙanƙanta da yawa ba, guraben da babu kowa kuma sun yi yawa. Tun da aka buɗe wa ma'aikatan kulawa ƙofar biza a Fabrairun 2022, 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi cike guraben, tare da 'yan Indiya da Zimbabwe. An hana su zuwa da iyalai daga Maris 2024, sannan a Yulin 2025 aka dakatar da ɗauko sababbi daga ƙetare. Gwamnati ta naɗa Baroness Louise Casey ta jagoranci hukumar da za ta duba tsarin baki ɗaya, amma ba a sa ran rahotonta na ƙarshe sai 2028.

Wanda bai gamsu da hukuncin ƙaramar hukumarsa ba yana da damar neman a ba shi sakamakon gwajin a rubuce, ya shigar da ƙorafi ta hanyar da hukumar ta tanada. Idan bai samu biyan buƙata ba, sai ya wuce ofishin mai sauraron koke-koke kan ƙananan hukumomi da ayyukan kulawa, wanda ba ya karɓar ko sisi, amma galibi yana so a kawo ƙorafin cikin wata 12 da sanin matsalar.