Mai Shago da Mai Albashi a Kilomita Biyar ta Bangui

Birnin Bangui, hedkwatar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, yana bakin kogin Ubangi. Faransawa ne suka kafa shi a shekarar 1889, kuma daga tsakiyar garin, inda ofisoshin gwamnati suke, ake auna nisan kowace unguwa. Wanda ya hau titin Boganda ya nufi yamma, in ya yi tafiyar kilomita biyar sai ya faɗa cikin kasuwar da ta fi kowace girma a ƙasar. Saboda wannan nisa ne ake kiran wurin Kilomita Biyar, ko PK5 a taƙaice. Tarin unguwanni ne a haɗe, irin su Mamadou Mbaïki, da Kokoro, da Gbaya Dombia, da Ramandji, da Yakite. Yawancin mutanen Yakite Musulmi ne masu rayuwa ta hanyar kasuwa. Maƙwabciyarta Castors kuwa yawancin mutanenta Kirista ne. 'Yar gada ce ta haɗa su, tafiyar da yaro zai yi a aike shi sayen gishiri, amma an yi shekarun da ƙetare ta ya zama kasada da rai.

Su wane ne mutanen nan biyu? A gefen kasuwa akwai Hausawa, da Barebari, da Fulani, da Larabawan Chadi, da jikokin mutanen Senegal da Mali, tare da kabilun arewa maso gabashin ƙasar kamar Runga da Gula. A ɗaya gefen akwai Gbaya, da Banda, da Manja, da mutanen bakin kogi kamar Ngbaka da Yakoma. Dukansu da harshen Sango suke ciniki, da shi suke faɗa, da shi kuma suke neman aure. Sango a can kamar Hausa ce a Jos ko Kaduna, harshen kowa ne. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki cikinsa a 1966, aka kuma maishe shi harshen gwamnati tare da Faransanci a 1991.

Musulmi sun shigo ƙasar ta hanyoyi biyu a ƙarni na 19, kuma dole a faɗi gaskiya, dukan hanyoyin akwai jini a kansu. Ta yamma, fatake Hausawa da Barebari sun biyo bayan rundunar Lamidon Ngaundere daga Adamawa zuwa ƙasar Gbaya. Sun kawo tufafi da gishiri da duwatsun ado, suna komawa da hauren giwa da goro da bayi. Garin Kunde ya zama babban zangonsu. Ta arewa maso gabas kuwa, Rabeh, wanda daga baya ya ci Barno, ya yi shekaru yana kai hari a wannan yanki, ya kuma ɗora Muhammadu Sanusi a kan sarautar Dar al-Kuti a 1890. Daga garin Ndele Sanusi ya kwashe ƙauyukan Banda masu yawa ya sayar da mutanensu arewa, har Faransawa suka kashe shi a 1911. Jikokin waɗanda suka tsere ba su manta ba. Bahaushen da kakansa ya zo da tallan atamfa a 1940 ba shi da hannu a wannan, amma riga da hula iri ɗaya yake sawa da wanda ake ba da labarinsa a tatsuniyar dare.

Mulkin Faransa bai kawo sauƙi ba. A 1899 aka yanka ƙasar aka raba wa kamfanonin Turawa, suka tilasta wa mutane tsinkar roba a daji, wanda bai cika ma'auni ba a yi masa bulala ko a kama matarsa. Daga baya aka ƙara da noman auduga na dole, aka kuma kwashi dubban samari zuwa aikin hanyar jirgin ƙasa ta Kongo tsakanin 1921 da 1934, inda da yawa suka mutu. Wannan wahala ce ta haifi yaƙin Kongo-Wara a 1928, wanda wani mutumin Gbaya mai suna Karnu ya tayar. Abin lura a nan shi ne, nauyin aikin dole a kan manomi ɗan ƙauye ya sauka. Baƙon ɗan kasuwa yana biyan kuɗin lasin ɗinsa ya wuce, gama Bature yana bukatarsa. Shi ne mai kai sabulu da kananzir da ashana inda babban kanti ba zai je ba, shi ne kuma mai kawo nama barikin soja. Sa'ad da Fulanin Bororo suka shigo da shanunsu daga Kamaru a shekarun 1920, sai fataucin shanu da fawa ma suka faɗa hannun Musulmi. Garin Turawa yana bakin kogi, baƙar fata kuma aka tura su baya, nan ne zangon fatake ya girma ya zama Kilomita Biyar.

A wannan lokaci ne aka buɗe wata ƙofa dabam ga 'yan ƙasa. 'Yan mishan na Katolika sun kafa tasharsu ta Saint-Paul a Bangui a 1894. A shekarun 1920 Baptis da 'yan Brethren daga Amurka, da Baptis daga Suwidin, suka shigo cikin karkara. Tare da bishara suka zo da makaranta da ɗakin shan magani. Yaron da ya koyi Faransanci sai ya zama akawu, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti, ko soja. Barthélemy Boganda, wanda ake kira uban ƙasa, maraya ne da mishan suka rena, ya zama fada na farko ɗan ƙasar a 1938 kafin ya shiga siyasa. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1959, shekara ɗaya kafin samun 'yancin kai ranar 13 ga Agusta 1960. Iyaye Musulmi kuwa sun yi ɗari-ɗari da makarantar da fada yake koyarwa, kamar yadda aka yi a Kano da Sakkwato. Ɗansu yana makarantar allo da safe, da rana yana tsaron shago. Da Bature ya tafi, kujerun ofis da barikin soja suka zama na waɗanda suka yi boko, kasuwa kuma ta zauna inda take. Tun daga 1960 har 2013 ba Musulmin da ya shugabanci ƙasar, in ba a lissafta Bokassa ba, wanda ya musulunta na 'yan watanni a 1976 domin neman kuɗin Gaddafi, sa'an nan ya koma Katolika ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1977.

To, wanne ya fi riba, shago ko albashi? A shekarun farko mai albashi ne a sama. Yana zaune a gidan siminti a Lakouanga ko Sica, 'ya'yansa suna makaranta, daga 1969 kuma akwai jami'a a Bangui. Amma albashi yana da ubangida ɗaya tak, watau baitulmalin gwamnati, kuma baitulmalin nan ya bushe. A zamanin Kolingba da na Patassé ma'aikata sun yi watanni bisa watanni ba a biya su ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. A 1996 sojoji suka yi bore har sau uku, rashin albashi ne kuma ya fara tayar da su. Malamin da ya yi shekara ashirin yana koyarwa sai ya wayi gari yana karɓar shinkafa bashi a shagon mutumin da bai taɓa shiga aji ba.

Ɗan kasuwa ya jure domin dukiyarsa ba a hannun gwamnati take ba. Tsarin da Hausawa suka sani tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja shi ne ya riƙe shi. Baƙo yana sauka gidan maigida, maigida ya ba shi masauki, ya tsaya masa, ya haɗa shi da dillali. Yaron shago yana yi wa ubangidansa hidima shekaru, daga baya a sallame shi da jari. Ana ba da kaya na miliyoyin sefa ba takarda, gama wanda ya ci amana a Bangui labarinsa zai riga shi isa Garwa da Njamena. Ƙasar ba ta da bakin teku, kusan duk abin da ake sayarwa daga tashar Duwala yake zuwa, tafiyar kilomita wajen 1,400 ta Garoua-Boulaï da Bouar, kuma da yawa daga cikin masu manyan motoci da direbobinsu mutanen Kilomita Biyar ne. Haka yake a lu'ulu'u. A Carnot da Berberati da Bria, ɗan ƙasa ne yake shiga rami ya haƙa, amma mai saye ne yake ba shi shebur da abinci bashi, da sharaɗin in ya sami dutse a gare shi zai sayar. Mai haƙa yana ganin ana cutarsa a farashi. Mai saye yana ganin shi ne ya ɗauki asarar ramuka goma da ba a sami kome ba. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma wanda ya gina gidan bene shi ake gani.

A ganina an cika zuzuta arzikin unguwar nan. Attajirai kaɗan ne. Sauran 'yan dako ne, da 'yan acaba, da teloli, da masu gasa tsire, da mata masu ƙosai. Haka nan masu albashi 'yan kaɗan ne cikin Kirista. Yawancinsu manoman rogo ne, da masunta, da matan da suke ɗauko garin rogo da ganyen miya tun asuba su kawo kasuwar Kilomita Biyar ɗin nan. Talakan Yakite da talakan Castors lambatu ɗaya ne yake cika musu gida da ruwa da damina, zazzaɓi ɗaya yake kashe musu yara. An yi auratayya da yawa, har akwai gidajen da ake bikin Kirsimati a kuma yi na Salla. Inda suka bambanta ƙwarai shi ne a gaban hukuma. Mai suna Usmanu ko Abakar, ko da a Bangui aka haifi kakansa, in ya je neman katin ɗan ƙasa sai a nemi takardun da ba a tambayar mai suna Jean. A shingen hanya shi ake tatsa fiye da kowa. Shi ma ya saba da sayen mutuncinsa da kuɗi maimakon neman haƙƙinsa, wannan kuwa ya ƙara tabbatar wa maƙwabcinsa cewa baƙo ne mai kuɗi.

Mai karatu daga kudancin Kaduna zai gane wannan hoto. A Zangon Kataf ma a 1992 a kan kasuwa aka fara, tsakanin Hausawa 'yan ciniki da Atyap manoma, da tsohon tarihi a ƙarƙashi. Wanda kuma ya zauna a Sabon Garin Kano ya san yadda ake ji in an haife ka a gari amma ana ce maka baƙo. Bambancin kawai, a Bangui Musulmi ne 'yan tsiraru, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na mutanen ƙasar.

A 2003 Janar Bozizé ya ƙwaci mulki da taimakon mayaƙa daga Chadi, waɗanda suka yi wa birnin ganima, tun daga nan kuma a bakin mutane da yawa Musulmi da ɗan Chadi suka zama abu guda. Ranar 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka shiga Bangui, Michel Djotodia ya hau mulki. Watanni suka yi suna kisa da wawaso, suna kwashe motocin mishan, suna fasa majami'u da asibitoci. Waɗansu samarin Kilomita Biyar sun bi su, waɗansu 'yan kasuwa sun sayi kayan sata, da yawa kuwa ba su yi kome ba sai tsoro. Ranar 5 ga Disamba 2013 'yan anti-balaka suka afka wa birnin, Seleka suka rama a kan unguwannin Kirista, aka kashe ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki. Mutum wajen 100,000 suka gudu suka kwana a filin jirgin sama na M'Poko. Da Djotodia ya sauka a Janairun 2014, sai fansa ta koma kan kowane Musulmi. Chadi da Kamaru da Najeriya da Nijar da Mali suka aiko da jirage da motoci suka kwashe mutanen da waɗansunsu ba su taɓa ganin ƙasashen nan ba. A 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an rushe masallatai 417 cikin 436 na ƙasar. Daga Musulmi fiye da 100,000 a Bangui, waɗanda suka rage a Kilomita Biyar ba su wuce 15,000 ba. Dole masu bi su karɓi wannan magana mai ɗaci, cewa da yawa cikin masu ɗauke da adda sunayen baftisma ne da su, ko da yake layu ne a wuyansu. Akwai kuma waɗanda suka tsaya. Babban bishop Dieudonné Nzapalainga ya saukar da Liman Omar Kobine Layama a gidansa watanni, su biyu tare da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou suka riƙa zagaya ƙasar suna kashe wuta.

Waɗanda suka yi murnar tafiyar 'yan kasuwa ba su daɗe suna murna ba. Nama ya yi wuya, sukari da sabulu da mai suka yi tsada, mai haƙar lu'ulu'u ya rasa mai ba shi bashi, ga shi an hana ƙasar fitar da lu'ulu'u tun Mayun 2013, takunkumin da ba a ɗage gaba ɗaya ba sai 2024. A cikin unguwar kuma 'yan tsaron kai da aka kafa domin kare mutane suka zama masu karɓar haraji daga kowane shago da kowace mota. An kai hari majami'ar Fatima da ke kusa a Mayun 2014, aka sake a ranar 1 ga Mayu 2018, kowane karo an kashe fada da masu sujada. Paparoma Francis ya shiga babban masallacin Koudoukou ranar 30 ga Nuwamba 2015. A farkon 2016 aka yi yarjejeniya da mutanen unguwar Boeing domin Musulmi su sake kai gawarsu maƙabartarsu da ke can, gama shekara biyu a cikin unguwa suke binne matattunsu. A 2019 mutanen Yakite da na Castors suka sa hannu a kan alkawarin zaman maƙwabtaka. A ƙarshen Disambar wannan shekara kuma 'yan kasuwar Kilomita Biyar da kansu suka ƙi biyan harajin 'yan bindiga, suka ɗauki makamai suka yi faɗa da su. An kashe fiye da mutum 30, shaguna da yawa suka ƙone, amma daga nan ƙarfin 'yan tsaron kan ya karye, 'yan sanda suka fara komawa unguwar.