Filin da Muke da Shi: Nazarin Kayan Koyo na Masu Horar da Yara Wasan Tanis a Gwandu da Kalgo

Tsakure

Wannan maƙala ta auna littattafan horarwa na Hukumar Tanis ta Duniya, ITF, a kan yanayin makarantun Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi. Ta nuna cewa rashin cikakken fili bai isa hujjar hana yaro fara wasan ba. Giɓin yana wajen ilimin da bai kai hannun malamin wasanni ba.

Gabatarwa da Bita

An daɗe ana cewa tanis wasan 'ya'yan manya ne, sai an zuba siminti an kewaye da waya kafin a yi maganarsa. Masu wannan ra'ayi suna duban Legas, inda Nduka Odizor ya taso har ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbledon ta 1983, ko Kano mai gasar Dala, sai su yanke hukunci cewa ƙauye ba shi da rabo. Da su nake jayayya. Sun ɗauki filin manya, mai tsawon mita 23.77 da faɗin mita 8.23, a matsayin mafarin koyo, alhali ita kanta ITF ta bar wannan matsayi. Ta ƙaddamar da shirin Play and Stay a 2007, kuma daga 2012 ta wajabta amfani da ƙwallaye marasa gudu a gasar yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa. Binciken Farrow da Reid na 2010 a Ostireliya ya ƙarfafa haka: yaran da aka sa a filin manya da ƙwallon manya su ne suka fi ƙarancin samun damar bugu a lokacin atisaye.

Aikin Ericsson da abokansa na 1993 kan yawan atisaye sananne ne, amma a kan masu kiɗa aka gina shi. Ra'ayin Jean Côté, cewa yaro ya ɗanɗani wasanni da dama daga shekara 6 zuwa wajen 12, shi ya fi dacewa da mu.

Hanyar Bincike

Nazarin takardu aka yi. An ɗauko ma'aunan filayen yara daga dokokin ITF, aka kwatanta su da na wasannin da makarantunmu suka riga suka sani.

Sakamako

ITF ta kasa koyon yara mataki uku bisa launin ƙwallo: ja, ruwan lemo da kore. Jar ƙwallo ta fi ta manya rashin gudu da kusan kashi 75 cikin ɗari, ta ruwan lemo kashi 50, koriya kashi 25. Ta ƙarshen ce kaɗai ke buƙatar cikakken fili.

Ga abin da ya fi jan hankalina. Dokar ta yarda filin ruwan lemo ya kasance tsakanin mita 17.68 da 18.29 a tsawo, faɗinsa kuma daga 6.10 zuwa 8.23. Filin ƙwallon raga, wanda ɗaliban sakandare suka saba da shi, tsawonsa mita 18 ne, faɗinsa 9. Tsawon ya zo daidai ke nan. Idan malami ya shigo da layin gefe da mita 1.25 ta kowane ɓangare, ya samu faɗin 6.5, wanda shi ne aka fi amfani da shi. Filin jar ƙwallo kuwa an yarda tsawonsa ya kai daga mita 10.97 zuwa 12.80. Filin badmintan mita 13.40 ne, ya ɗan zarce, amma akwai layi a kowane ƙarshe da ke mita 0.76 daga baya. Tsakanin waɗannan layuka biyu mita 11.88 ne, kuma faɗin filin na mita 6.10 bai ƙetare doka ba. Abin da ya rage shi ne a sauko da raga zuwa santimita 80. Da farar ƙasa, igiya da awo, an gama filin da hukumar duniya za ta amince da girmansa.

Wannan lissafi ba shi da wuya, to me ya hana shi yaɗuwa? Harshe da hanya. Mujallar horarwa ta ITF, da ke fitowa tun 1993, da Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci ake buga ta. Makarantar ITF ta intanet, da aka buɗe a 2019, tana cin data, kuma bidiyonta na nuna filaye masu sheƙi waɗanda ke sa malamin Gwandu ya ji abin ba nasa ba ne. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke horar da kociyoyi kuma tana can Legas. Ina ganin abin takaici ne a ce ilimin da zai shiga shafi goma ya gagari isa ga mutanen da ke tare da yaran kullum.

Nan Kalgo ke da fifiko. Mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, yana yankinta. Masana harshe da na ilimi na jami'ar za su iya fitar da ɗan littafin Hausa mai zane, da saƙonnin murya da za a tura ta WhatsApp. Dole littafin ya ƙunshi abin da na Turai ba su damu da shi ba: daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, don haka atisaye sai da sanyin safiya ko bayan la'asar, kuma da damina yara da yawa suna gona.

Iyakar Bincike

Gaskiya ne ma'auni a takarda daban, gwaji da yara daban, kuma wannan aiki bai wuce takarda ba. Ƙwallo ba ta tashi a kan rairayi, don haka filin ƙasa sai an yi masa daɓe da marmara, ko a koma ɗakin taro mai siminti. Su ma ƙwallayen da raket na yara sai an sayo daga birni. Yaron da ya kai matakin kore kuwa ba makawa sai an nema masa cikakken fili, kuma wannan nauyi ne na ma'aikatar wasanni ta jiha da Hukumar Tanis ta Najeriya.