Jinya bisa hujjar bincike: darasin Kano da buƙatar ma'aikatan masana'antu

Jinya bisa hujjar bincike na nufin ma'aikaciyar jinya ta yanke shawara da abu uku: sakamakon bincike mafi inganci, ƙwarewarta, da halin majinyaci. Tsarin ya yi ƙarfi ne a Jami'ar McMaster ta Kanada a farkon shekarun 1990. Kishiyarsa ita ce "haka muka tarar ana yi".

Kano ta ga amfaninsa. A 2002 aka wallafa binciken Magpie, wanda aka yi kan mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa allurar magnesium sulphate na rage haɗarin jijjigar masu ciki, wato taune-taune, da fiye da rabi. Duk da haka asibitoci da dama suka ci gaba da ba da diazepam. A 2008 ƙungiyar Population Council da gwamnatin jihar suka horar da likitoci da ungozomomi a manyan asibitoci 10. Mace-macen masu jijjiga a waɗannan asibitoci ya sauko daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa 2.3. Maganin tsoho ne, kuma mai araha. Horo da wadatar maganin ne suka yi ƙaranci.

Irin wannan horo ake buƙata domin leburorin Sharaɗa, Challawa da Bompai, musamman na kamfanonin jima, inda ake sarrafa fata da laim da acid da chromium. Ka'idar ƙunar sinadari sananniya ce: a cire tufafin da suka ɓaci, a kwarara ruwa mai gudana na aƙalla minti 20. Amma idan busasshen laim ne, sai an kakkaɓe shi tukuna, domin haɗuwarsa da ruwa zafi take haifarwa. Gyambon chromium kuwa yakan ci hannu ba tare da ciwo sosai ba, kuma da wuya a gane shi idan ba a tambayi majinyaci inda yake aiki ba.

Hanyar koyarwa tana nan. Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta wajabta kwas na ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi duk shekara uku. Sai dai takardar halartar kwas ba ta auna abin da ya sauya a bakin gado. Abin da ya bambanta aikin 2008 shi ne an ƙirga mace-mace kafin horo da bayansa.