Hatsarin Tenerife: Yadda Matuƙa Jirgi Suka Koyi Sauraron Na Ƙasa

Ranar 27 ga Maris, 1977, wani bam ya fashe a filin jirgin saman Gran Canaria da ke tsibiran Canary na ƙasar Sifaniya. Aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos a tsibirin Tenerife. Cikinsu har da manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗayan na Pan Am na Amurka.

Da lokacin tafiya ya yi, jiragen da aka ajiye sun toshe hanyar gefe, don haka dole jiragen biyu suka bi ta kan titin tashi. Na KLM ya kai ƙarshe ya juyo, na Pan Am kuwa yana tafe kan titin, ga hazo ya rufe ko'ina. Kyaftin ɗin KLM, Jacob van Zanten, ya fara gudun tashi ba tare da ma'aikacin hasumiya ya ba shi izini ba. Gargaɗin da zai tsayar da shi bai isa kunnensa sosai ba, domin hasumiya da matuƙan Pan Am sun yi magana ta rediyo a lokaci guda, saƙonnin suka cakuɗe.

Duk da haka akwai sauran dama. Na'urar naɗar murya ta nuna cewa injiniyan jirgin ya tambaya ko na Pan Am ya bar titin. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, injiniyan bai sake cewa uffan ba. Bayan 'yan daƙiƙoƙi jiragen suka yi karo. Mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, Van Zanten ba sabon hannu ba ne. Shi ne shugaban masu horar da matuƙan 747 na KLM, kuma shi ya yi wa mataimakinsa na ranar jarrabawar tuƙa irin wannan jirgi. Girman da ya sa aka amince da shi, shi ya sa musa masa ya yi wuya.

A Disamba 1978 aka sake ganin irin haka a birnin Portland na Amurka. Jirgin United ya yi kusan awa guda yana shawagi, kyaftin ya duƙufa kan matsalar tayoyi, abokan aikinsa suna ambaton ƙarancin mai ba tare da sun matsa masa ba, har man ya ƙare. Mutum 10 suka rasu.

A 1979 hukumar NASA ta shirya taro kan lamarin, a 1981 kuma United ya fara sabon horo kan aiki tare a ɗakin tuƙi. Ana koya wa na ƙasa ya faɗi damuwarsa ƙarara, ya kawo shawara, ya nemi amsa. Ana koya wa kyaftin ya nemi ra'ayi tun kafin a ba shi. Aka kuma taƙaita kalmar da ke nufin "tashi" a rediyo ga lokacin ba da izini ko soke shi.

An ga amfanin horon ranar 19 ga Yuli, 1989. Injin wutsiyar wani jirgin United ƙirar DC-10 ya tarwatse, ya lalata duk hanyoyin sarrafa jirgin. Kyaftin Al Haynes ya karɓi taimakon Dennis Fitch, mai horar da matuƙa da ke cikin fasinjoji, suka riƙa juya jirgin da ƙarfin injunan biyu da suka rage har Sioux City. Cikin mutum 296, 184 suka tsira. Haynes ya danganta hakan da wannan horo.

Darasin ya wuce harkar jirage. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin abubuwan dubawa na tiyata, inda kowa ke faɗin sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa. Manufar ɗaya ce: a mayar da maganar na ƙasa ƙa'idar aiki, kada a bar ta ga jarumtarsa. Duk shugaban da ba a iya ce masa ya dakata, a asibiti yake ko a ofis, da idonsa kaɗai yake gani, ko da mutum goma na kewaye da shi.