Yawan kalmomi ko zurfinsu: abin da ya kamata azuzuwan yara ƙanana su sa gaba a Maraɗi

Lokacin da sakamakon binciken PASEC na 2014 kan karatun ɗaliban firamare ya fito, an ga cewa a Nijar ɗaliban ajin ƙarshe na firamare da ke fahimtar abin da suka karanta ba su kai ɗaya cikin goma ba. A binciken nan dai, yaran Burundi, waɗanda ke fara karatu da harshensu na Kirundi, su ne suka yi zarra a azuzuwan farko. An saba ɗora laifin koma-bayan Nijar a kan cunkoso da ƙarancin littattafai, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai matsalar ta girmi firamare. Tun 1986 Gough da Tunmer suka nuna cewa fahimtar karatu ta dogara ne kan abu biyu, iya haɗa baƙi da fahimtar magana, kuma in ɗaya ya faɗi ɗayan ba ya ceto. Yaro na iya karanta jimla tiryan-tiryan bai san abin da ta ƙunsa ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, aikin farko na ajin 'yan shekara uku zuwa biyar, wanda ake kira jardan a Maraɗi, shi ne zurfafa kalmomin Hausar da yaro ya zo da su, kafin a jibga masa sunayen abubuwa da Faransanci.

Sanin kalma hawa-hawa ne. Gwajin Carey da Bartlett na 1978 ya nuna cewa yaro ɗan shekara uku na iya cafke sabuwar kalma daga ji ɗaya, amma wannan kamun farko ne kawai. Cikar ma'ana sai ya yi ta haɗuwa da ita a wurare dabam-dabam, ya gane abin da ta haɗa da abin da ta bari. Salon da malama ke ɗaga hoto ta faɗi suna, aji ya amsa baki ɗaya, a kamun farko yake tsayawa. A kwatanta da yaron Jiratawa da ya tashi a bakin fadamar noman rani ta Gulbin Maraɗi. Ya san bambancin shuka da dashe, ya san ban ruwa, ya san ana tsinkar zogale amma ana tuge ciyawa. Kowace kalma a cikin waɗannan tana riƙe da 'yan uwanta, tana da aiki, da lokaci, da mai yin ta. Irin wannan sarƙar ce littafi zai nema a wurinsa daga baya, ko da wane harshe aka rubuta shi.

Akwai masu cewa ai yaran talakawa ba su da kalmomin da za a zurfafa. Madogararsu binciken Hart da Risley ne na 1995, wanda ya bi iyalai 42 a Kansas ta Amurka, ya kuma ƙiyasta tazarar kalmomi miliyan 30 tsakanin abin da ɗan mai hali da ɗan talaka ke ji kafin shekara huɗu. Amma Sperry da abokan aikinsa sun sake duba batun a 2019, suka nuna cewa in aka lissafa maganar duk mutanen gida, har da wadda yaro ke ji ba da shi ake yi ba, tazarar ba ta tsayawa yadda aka zana ta. Wannan gyara ya fi dacewa da gidan Bahaushe. A gidan gandu a Tibiri yaro na cikin magana daga asuba har dare: kaka, kishiyoyin uwa, yayye, masu talla. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne a tambaye shi, a jira amsarsa. Tarbiyya ta koya masa yin shiru gaban manya, uwa kuma tana jin kunyar ɗan fari har ba ta kiran sunansa, sai kaka ce ke jan sa da wasa. Ke nan yaron ya zo aji da kunne cike, bakinsa ne ba a buɗe ba, kuma amshin aji baki ɗaya sai ya ƙara rufe shi.

Masu cewa yaro ya riga ya iya Hausa, don me za a ɓata lokaci, su ma sun yi kuskuren auna harshen. Beck da McKeown da Kucan, a littafinsu na 2002, sun ware wani rukunin kalmomi da ba na yau da kullum ba, ba kuma na ƙwararru ba, waɗanda su ne ƙashin bayan karatu. A Hausa irinsu su ne dalili, bambanci, kwatanta, sakamako, tsammani, rarrabe. Ɗan shekara biyar ba ya tsintarsu a wasan ƙasa. Ga yadda za a kai shi gare su ba da kuɗi ba: malama ta zo da zangarniyar gero da ta dawa, da ɗan ƙaiƙayi, da dusa, da tsaki, da gari, ta shimfiɗa a faifai. Yara su taɓa, su jera wanne ya riga wanne, su faɗi me sussuka ke fitarwa, me surfe ke fitarwa. Daga nan ta tambayi bambancin dusa da ƙaiƙayi, da dalilin da ya sa ake shiƙa inda iska ke kaɗawa. Haka tatsuniyar Gizo: a tsaya a tsakiya a tambayi me suke tsammani zai yi, wanda shi ne salon da Whitehurst ya gwada a 1988 da littattafan hoto, ya ga bakin yara ya ƙara buɗewa.

Ƙorafi mafi nauyi na iyaye ne. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin jardan yana son ya ji ɗansa na gaisuwa da Faransanci, domin da shi ake jarrabawa, da shi ake takardun ofis. Ba wauta ba ce. Amsar Cummins tun 1979 ita ce, ma'anar da ta zauna a harshen farko ba sai an sake gina ta a na biyu ba, suna kawai za a ba ta. Nijar kuma ba baƙuwa ba ce a nan: ta buɗe makarantar gwaji mai fara karatu da Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a aji, kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk da haka dole a yarda cewa ƙetarawar ma'ana daga Hausa zuwa Faransanci ba ta faruwa da kanta. Faransanci na bukatar nasa lokaci kullum, ta baki, a kan abin da aka riga aka tattauna da Hausa.

Saura tambayar wace Hausa. Yaron Tibiri yana cewa icce da zahi da sun ka tahi, littafin da aka buga da daidaitacciyar Hausa kuwa itace da zafi da suka tafi zai nuna masa. Malamar da ta ɗauki Gobiranci ko Katsinancin Maraɗi a matsayin kuskure ta maimaita laifin da ake zargin Faransanci da shi. Abin da ya dace ta karɓi Hausar yaron, ta ajiye ta littafi kusa da ita, ta yi hakan kuma ga ɗan Fulani ko Buzu da Hausa ke zaman harshensa na biyu. Wannan ba ya samuwa sai da horo, kuma a nan ne makarantar horon malamai ta Maraɗi da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ke da aiki: tattara kalmomin da yaran birni da na Tibiri da na Jiratawa ke amfani da su a zahiri, shekara bisa shekara, domin mai tsara darasi ya san daga inda zai ɗora.