Abuja da Teburin Sulhu: Daga Laberiya Zuwa Nijar

Tun kafin gwamnatin tarayya ta kammala ƙaura daga Legas a Disamban 1991, Abuja ta fara karɓar manyan baƙi. A watan Yunin wannan shekarar ne shugabannin nahiyar suka rattaba hannu a birnin kan yarjejeniyar kafa gamayyar tattalin arzikin Afirka, kuma a nan hedkwatar ECOWAS take. Wanda ya bi diddigin sulhun da aka ƙulla a Abuja zai tarar da abubuwa biyu da ke raba wanda ya kama ƙasa da wanda ya watse: ko duk masu riƙe da makamai sun zauna a teburin, da kuma ko akwai mai ƙarfin tsaron abin da aka yarda a kai.

Laberiya ce misalin farko. Yarjejeniyar Abuja ta Agustan 1995 ta bai wa manyan madugan yaƙi, Charles Taylor da Alhaji Kromah da George Boley, kujeru a majalisar riƙon ƙwarya. Faɗa ya sake ɓarkewa a Monrovia a Afrilun 1996, aka koma Abuja a Agusta aka sabunta jadawalin yarjejeniyar, Ruth Perry ta karɓi shugabancin majalisar. Dakarun ECOMOG, waɗanda mafi yawansu sojojin Najeriya ne, suka karɓi makamai daga hannun mayaƙa, aka yi zaɓe a Yulin 1997. Zaman lafiyar bai wuce shekaru biyu ba, amma an cika jadawalin, domin Najeriya ta sa jinin sojojinta da dukiyarta a bayan maganarta.

Darfur ta bi wata hanya dabam. Kusan shekaru biyu wakilan Khartoum da 'yan tawaye suka yi suna ja-in-ja a Abuja, daga 2005 Salim Ahmed Salim na shiga tsakani a madadin Tarayyar Afirka. Da haƙuri ya ƙare, sai aka miƙa musu daftari ranar 25 ga Afrilun 2006 da wa'adin kwana biyar. Manyan jami'an Amurka da Birtaniya suka iso don matsa lamba tare da Shugaba Obasanjo. Ranar 5 ga Mayu, a cikin 'yan tawayen, ɓangaren Minni Minnawi kaɗai ya sa hannu. Abdul Wahid al-Nur da ƙungiyar JEM suka ƙi. 'Yan tawaye suka ƙara rarrabuwa, yaƙi ya ci gaba.

An maimaita wannan gaggawar a 2023. Kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ba sojojin mako guda su mayar da Shugaba Mohamed Bazoum kan mulki ko a yi amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Mutanen Katsina da Maraɗi, na Illela da Ƙonni, dangi ne kuma abokan kasuwa, su ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Sanatocin arewa suka fito fili suka ƙi yaƙi. Abin lura shi ne, ƙofar Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, ta buɗe ga Muhammadu Sanusi na II da tawagar malamai, waɗanda suka je da ladabin zumunci ba tare da wa'adi ba.

Barazanar da ba a shirya cikawa ba ta rage wa Abuja nauyin magana a yankin Sahel. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, mambobinta suka ragu daga 15 zuwa 12.